Farfesun Baba

A sakandare a Gwarzo, malamar Turanci ta koya mana kalmar pep, wato kuzari. Ta ce daga sunan barkono Turawa suka yanko ta, saboda zafinsa yana tayar da jiki.

Da na dawo garinmu Madadi hutu, na tarar da Baba a kwance, ciwo ya cinye shi. Inna ta yi masa farfesu, ta cika barkono, yadda ake yi wa majinyaci don bakinsa ya buɗe. Na zauna ina jiran gumi ya keto masa. Ya kurɓa kaɗan, ya dube ta.

"Yau ba ki sa yaji ba ne?"

Inna ta ɗauke kwanon, ta aika a kira ƙannensa daga Kabo.