Numfashin Lefter

Tun yana saurayi har furfura ta cinye masa kai, Lefter bai taɓa furta kalma ɗaya a cikin waƙa ba, amma duk ƙauyenmu da sunan mawaƙi aka san shi. Shi mai riƙon iso ne. Abokinsa Nazif ke jefa baiti, wani ya cafe, su kuma na baya su haɗa kafaɗa su ja iso, wato "eee" ɗin nan mai kauri, ba ganga ba molo, har a sauke. A kan sautin nan waƙar take zaune. In ya yanke, sai mai jefawa ya yi tsuru-tsuru kamar wanda aka janye wa kujera.

Da can su da yawa ne, kuma karɓa-karɓa ake yi: wannan ya shaƙi iska, na kusa ya rufe masa. To, da aka buɗe iyakar ƙasarmu sai kowa ya kama gabansa, wasu Italiya, wasu Girka. Shi ma Lefter ya sayar da awakinsa ya tafi Girka kwaɓa siminti. Ya dawo ya yi wa gidansa sabon rufi, ya kuma dawo da wani busasshen tari da ya ƙi sakinsa. Masu riƙon iso kuwa sun watse, saura shi kaɗai a bayan Nazif. Wurin tsayuwar nan shi ne duk abin da yake taƙama da shi a duniya.

Matarsa Lumturie ba ta taɓa raga masa ba. "Mutum shekara da shekaru yana kukan saniya, wai shi mawaƙi," in ji ta. Amma ranar biki ita ke fara kakkaɓe masa farar hularsa.

Wata bazara sai ga wata yarinya daga Tirana babban birninmu, mai suna Eriona, mai haɗa wa 'yan fim kiɗa. Fim ake yi a kan ƙauyukan dutse da mutane suka gudu suka bari, tana son muryoyin tsofaffi. Ta kwashe su a mota zuwa ɗakin ɗaukar murya, ta sa kowa ya shiga shi kaɗai. Lefter bai taɓa ganin an yi waƙa ba kafaɗar kowa a jikinka ba.

"Kawu, ja min sau ɗaya kawai, iya ƙarfinka."

Ya ja har idonsa ya kawo ruwa, tari ya sarƙe shi.

"Madalla, ya isa."

"Ya isa me? 'Yar nan, ai ko gyaran murya ban gama ba!"

Da waƙar ta fito, an ɗora mata jita da ganguna irin na samari, ita ce ke rufe fim ɗin. Ta kuwa karɓu. Har lambar yabo ta ci a wani taron finafinai a ƙasar waje, aka nuno Eriona a talabijin tana kuka tana kiran sunan ƙauyenmu. Muryar Lefter na nan a ƙasa tun daga farko har ƙarshe, ba yankewa ba shan iska, don an sa na'ura ta ɗinke wutsiyar jan nan guda da kansa, yana ta zagayawa.

A shagon kofi aka sa shi gaba. "Lefter, ashe huhun jaki gare ka, kake mana tarin ƙarya!" Shi kuwa sai ya murza gashin baki ya ce, "Ku da kuke shan taba sai ku yi ta hassada." Ya ji daɗi fa, kada wani ya ce bai ji ba. Ya san yadda aka yi, kuma bai gyara wa kowa zance ba.

Daga nan gayyata ta fara zuwa. Duk mai aurar da 'ya a kwarin nan so yake a zo a yi masa waƙar fim, kuma yadda take a fim yake so. Ina Lefter zai samo wannan iskar? A wani biki iso ya yanke ana tsakiyar baiti, Nazif ya tsaya baki buɗe, wata mata ta tuntsire da dariya. Mako na zagayowa aka sake yin haka a wani gari.

Nazif ba mugu ba ne, tare suka yi kiwo suna yara. Ya zo har gida, ya sha kofi, ya yi zancen zaitun, ya yi zancen gwiwarsa, sannan ya zaro waya.

"Eriona ta turo mana taka muryar, ita kaɗai. Sai a riƙa kunnawa a lasifika, kai kuma ka ɗan riƙa hutawa."

"Na ce maka na gaji?"

"Haba mutumina. Ai muryarka ce, ba ta wani ƙato ba."

Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da wani mutum aka kawo, da ya san wanda zai daina gaisarwa. Wannan kuwa wa zai yi wa fushi?

Bikin jikar Nazif shi ne na ƙarshe da ya tsaya a layi. Da la'asar, an sauke gasasshen rago, an zagaya da barasar nan tamu, raki, aka ɗora lasifikar a kan kujera daidai bayan Nazif. Lefter ya gyara hula ya tsaya a gefenta. Aka kunna, ya bi da tasa muryar, Nazif ya jefa baiti. Ba a yi nisa ba tarin ya taso. Ya danne, ya ƙi dannuwa. Ya juya baya ya duƙa, hannu a gwiwa, yana jiran ya ji waƙa ta zube.

Ba ta zube ba. Nazif ido a rufe yake ta zuba baitinsa, amarya na share hawaye, ko waiwaye babu wanda ya yi. Da tarin ya lafa, Lefter ya ga ba abin da ya rage masa a wurin, ya sulale ta bayan tebura ya kama hanyar gida. Yana hawan tudu yana tsayawa, sautin na biye da shi ta kan rufin gidaje.

Lumturie ta riga shi dawowa don ta ba kaji hatsi. Ta ɗago ta gan shi a bakin ƙofa yana haki.

"Kai kuma lafiya? Har an tashi?"

Ya zauna a kan dakali, ya nuna mata ƙasan gari da haɓa.

"Ina fa aka tashi. Ba ki ji ba? Ina can ina yi."