Sunan Da Na Sa A Layin Farko

Na manta abubuwa da yawa game da littafina na farko, har kalar bangon da na fara zaɓa sai na yi tunani kafin na tuna. Amma tsayuwar da na yi gaban wata rumfa a kasuwar Gwiwa, da littafin a hannuna, wannan kam ba na jin za ta bar ni har in koma ga Allah.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kazaure. Shekara biyu na yi ina rubuta labarin, ina sakinsa kashi-kashi a wani zauren masu karatu na waya. Da na yi jinkirin kwana biyu sai saƙonni su yi ta shigowa, wai na bar su cikin zulumi. Wannan ne ya kumbura mini kai. Na ce tunda ga jama'a, me zai sa in je ina durƙusa wa masu kuɗi? Na tambayo wani mai ɗab'i a Kano abin da za a kashe, na dawo na rubuta sanarwa: duk mai son ya ga labarin nan ya zama littafi ya turo abin da ya sawwaƙa, ni kuma zan ba shi kwafi, in sa sunansa a shafin godiya. In abin bai kai ba, kowa zan mayar masa da nasa.

Ranar farko addu'a ta yi ta zuba. Allah ya ƙara basira, Allah ya ɗaukaka alƙalami. Wallahi da mai ɗab'i yana karɓar addu'a, da a ranar zan buga har da na ajiya. Waɗanda suka fi kowa matsa mini in saki labari su ne suka fara yin shiru. Wani abokina ɗan kasuwar hatsi a Babura ya ce in kwantar da hankalina, da zarar ya canza sefar Nijar da ke hannunsa magana ta ƙare. Har yau sefar nan ba ta canzu ba. Wata baiwar Allah ta turo ɗan abin da ta turo, washegari ta ce sai dai in fasa kashe jarumar da take so, in ba haka ba a mayar mata da kayanta. A ofishin malamai kuwa suna suka sa mini, wai mai barar zamani. Ina dariya tare da su, amma abin yana ci na.

Ana cikin haka na je gida. Mu mutanen wata ruga ne a bayan Gwiwa, kuma ni ne ɗan fari. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son a kira ni sai ta ce wa ƙanwata, ina wancan? Ba ta yaba mini a gabana, ba ta zama hira da ni kamar yadda take yi da ƙannena. Da haka na tashi, na kuma san kunya ce ba ƙiyayya ba. Amma sanin abu daban, juriyarsa ranar da kake cikin matsi daban.

Na same ta tana kaɗa nono a gindin darbejiya, jar karsanarta tana ɗaure a turke nan kusa. Karsanar nan jikar saniyar da aka ba ta ce ranar da ta bar gidan iyayenta, ko Baba ba ya sa baki a kanta. Na zauna na zayyana mata komai, da littafin, da tara kuɗin, da yadda mutane suka watsa mini ƙasa a ido. Ba kuɗi na je nema wurinta ba. So nake kawai ta ɗago ta dube ni ta ce sannu. Ba ta fasa kaɗa nononta ba. Da na gama sai ta ce, "Allah ya sa a dace." Daga nan ta tambayi ƙanwata ko an tuna an sayo wa shanu kanwa.

Raina ya ɓaci sosai. Da ƙanwata ta raka ni bakin hanya na ce mata baƙin da ban taɓa gani ba sun fi damuwa da ni a kan wadda ta haife ni. Na hau babur na tafi, na ɗauke ƙafa daga gida kusan wata uku, ina fakewa da aiki.

Mai ɗab'i kuma ya kira ya ce takarda na shirin tashi, in wata ya mutu ban kawo ba sai sabon lissafi. Abin da na tara ko rabi bai kai ba. Har na rubuta saƙon ban haƙuri da zan tura zaure, na kasa turawa. Ina cikin aji wata ranar kasuwa, wajen azahar, sai wayata ta yi ƙara. Kuɗi ne suka shigo, waɗanda suka cike giɓin har da ɗan saura, da sunan wani mutum da ban sani ba. Sai da na fita bayan aji na zauna a kan dutse. Na yi cigiyar mai sunan a zaure sau uku, babu wanda ya amsa. Na ce wannan irin mutanen nan ne da ba sa son a sani, amma alkawari alkawari ne. Na sa sunansa a layin farko na shafin godiya, da manyan baƙaƙe, na ƙara da cewa shi ne ya tsaya mini lokacin da na kusa suka juya baya. Ina sane na rubuta wannan jimlar, kuma na san da wa nake.

Da littafi ya fito na shiga rabo da kaina, yau Roni, gobe Babura, kwali ɗaure a bayan babur. Daga ƙarshe na ce bari dai in leƙa gida. Na tsaya kasuwar Gwiwa in ciri kuɗin tsaraba wurin wani mai POS, irin masu tura wa mutane kuɗi da 'yar na'ura. Ina ɗaga kai sai ga sunan nan rubuce a jikin kwali, rataye a rumfarsa. Na riƙe hannunsa biyu ina ta godiya, na buɗe masa shafin. Bawan Allah ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "Malam, ni fa ko labarin ban sani ba. Duk wanda ya tura kuɗi ta wurina, sunana ne ke fita."

Na gaya masa ranar da adadin. Ya ce ya tuna, don ba kullum ake kawo masa irin wannan ba. Wata dattijuwa ce mai sayar da nono, ta taho daga wajen kara, inda ake sayar da shanu, da kuɗin ƙulle a gefen zane, da lamba rubuce a 'yar takarda. Ya ce ya tambaye ta sunan mai asusun don kada a yi kuskure, ta ƙi faɗa. Ya sake tambaya, ta ce shi dai ya tura.

"Da sunan ya fito na karanta mata," in ji shi. "Sai ta kau da kai gefe ta ce, to, shi ne. Na ce, Inna, ɗanki ne? Ta ce ɗan mutanen gidanmu ne."

Ban san yadda na bar rumfar ba. Tsarabar ma ban saya ba.

Ina shiga gida turken na fara dubawa. Igiyar tana nan a naɗe, ba karsana. Ƙanwata ta ga inda idona ya tsaya, ta sunkuyar da kai. Ita ce ta kwafa mata lambar, aka kuma hana ta faɗa. Inna tana inda na bar ta, gindin darbejiya. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye littafin a bakin tabarma. Ta dubi bangon, inda sunana yake ɓaro-ɓaro, duk da ba ta karatun boko. Ta ce, "An gama aikin ke nan?" Na ce an gama. Ta ce, "Madalla. Akwai fura a ƙwarya."

Na sha furar hawaye na zuba a ciki, ita kuma ta juya baya ta ba ni wuri. Da zan tafi na hango ta naɗe littafin a sabon ɗankwali ta cusa shi cikin jeren ƙorenta. A ranar ne kawai na gode wa Allah da ba za ta iya karanta jimlar nan ba.

Da za a sake bugawa na aika ƙanwata ta roƙar mini izinin sa sunanta. Amsar ta dawo a taƙaice: a gaya wa wancan kada ya soma. Sai na cire sunan mai POS, na goge jimlar, na bar layin farko fari fat. Har yanzu masu karatu kan kira ni su ce mai ɗab'i ya yi mini kuskure a shafin godiya, ni kuma in ce na gani.

Abin da na koya shi ne, wata uku na yi ina auna masoyana da yawan maganarsu da sunayen da ke fitowa a wayata, alhali wadda ta ɗauki littafin nan a kanta ko sunana ba ta iya furtawa. Tun daga ranar, in mutum ya yi mini shiru ba na saurin yanke masa hukunci, don ban san abin da ya kwance daga turkensa saboda ni ba.