Jirgin Shaihu Ya Daina Zuwa

Ana sallame sallar asuba muka fito daga Hayyin Ashir, unguwarmu a Alƙahira, ni da abokin zamana. Shi ne mai buƙatar tafiyar, ni rakiya ce kawai. Yana karanta Alƙur'ani a gaban wani tsohon Shaihu makaho don ya samu ijaza, wato shaidar izinin karantarwa, saura kaɗan ya sauke, ga shi tallafin karatunsa na ƙarewa bana, dole ya koma Katsina. Sai Shaihun ya daina shigowa Alƙahira, saboda an dakatar da ƙaramin jirgin ƙasan da ke ɗauko shi daga ƙauyensu. Shi kuma ba ya sauraron karatu ta waya. Ya ce harafi sai an ji shi daga baki zuwa kunne.

Metro, jirgin cikin birni, ta kai mu bakin gari, muka sauka a mahaɗar da layin ƙauyen ke rabuwa da babban layi. Gajeren layi ne, tashoshinsa ba su da yawa. Mun tarar da tagar tikiti a rufe, da ma'aikata sanye da riguna masu ƙyalli, sun tone wani sashe na dogo suna shan shayi a gefensa. Na tambayi ɗaya yaushe za a gama. Ya ce, "Gobe, in sha Allah." Wanda ya zauna Masar ya san tsawon wannan goben.

A nan muka karya da ful, dafaffen wakensu, da ta'amiyya, ƙosan nan nasu mai koren ciki. Mai sayarwar ya ce gyara ne kawai. Wani da ke ci kusa da mu ya ce rufewa za a yi gaba ɗaya, tunda an shimfiɗa sabon titi. Kowannensu ya rantse.

Muka shiga ƙaramar bas, wadda suke kira mikrobas. Direban ya ƙara kuɗin mota, kuma kowa ya biya. Matan ƙauye da suka saba loda kwandunan cuku da ganye a jirgi, yanzu a cinya suke riƙe su, rabi a tasu rabi a tawa. Hanya ta bi gefen magudanar ban ruwa, gonaki kore shar, gidajen jan bulo ba filasta, dogo yana binmu ta dama babu komai a kansa.

Ba a gida muka samu Shaihu ba. Aka nuna mana tasha, muka gan shi zaune shi kaɗai a benci, da sandarsa. Kullum da safe nan yake zuwa.

Sai a lokacin, da ya ba mu labari, na gane abin. Tashar na bakin ƙofarsa. Mutanen taragon farko duk sun san shi: wani ya hau da shi, wani ya ba shi wurin zama, wani ya sauko da shi ya danƙa hannunsa ga na gaba, har masallacin da yake koyarwa. Ba a taɓa yin shawara a kai ba, haka kawai aka saba. Mota kuwa kullum baƙin fuskoki. Ya gwada sau ɗaya, aka sauke shi a tsallaken babban titi, ya tsaya har rana ta take.

Abokina ya durƙusa ya fara karatu a nan kan dandamali. Da ya kai inda suka saba tsayawa, Shaihu ya ɗaga hannu.

"Ɗana, duba mini ƙarfen dogon nan. Yana ƙyalli?"

Abokina ya leƙa, ya kalle ni.

"A'a, Maulana. Ya yi ja, tsatsa ce."

Shaihu ya gyara zama.

"Khalas, shi ke nan. Ci gaba. Yau sai ka ƙara izu guda, kuma kai za ka riƙa zuwa. Kai kana da ido."

Wannan maganar ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba.

La'asar sakaliya muka iso gida, rigata na warin cuku. Abin da na ɗauko daga tafiyar bai da yawa: a da ina ɗaukar jirgi a matsayin inji da taragai, ashe har da hannayen da ke cikinsa, kuma su ba a iya kwashe su a zuba a bas. Abokina zai riƙa bin mikrobas har ya sauke, da alama zai samu ijazarsa. Shaihu kuwa, da muka waiwaya lokacin barin tashar, yana nan a bencin, kunnensa wajen Alƙahira.