Ƙararrawar Ƙafar Auta

A bayan gidanmu, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Dayi, akwai kududdufi. Baba ne ya haƙa shi da hannunsa, don daga nan aka ɗebi ƙasar da aka gina ɗakunanmu, kuma yana ji da shi kamar gadon kakanni. Da rani rami ne kawai, kaji na birgima a ciki. Damina na kankama sai ya cika ya batse, agwagin Inna su sami masarauta, mu kuma mu sami wurin koyon iyo da shan duka.

Shekarar da nake magana a kai, autarmu ta fara tafiya. Ban taɓa ganin ɗan Adam mai son ruwa kamar yarinyar nan ba. A aje buta ta kifar, a buɗe randa ta leƙa, a yi mata wanka a cire ta daga baho ta tara mana unguwa da ihu. Kaka, wato mahaifiyar Baba, ta ce ba mutum aka haifa mana ba, agwagwa ce ta yi ɓatan kai. Muna dariya, amma Inna ba ta yi, don ta san tsakanin ɗakinta da kududdufin babu nisa.

A daminar ne wani yaro ya nutse a kududdufin gidansu can wajen Tsiga. Ba a jima ba mai shela ya zaga gari da gangarsa, ya ce dagaci ya ce hukuma ta ce, duk mai rijiya ko kududdufi a gida ya kewaye shi, ya sa ƙyaure, ya kuma rataya wa ƙyauren abin da zai yi ƙara in an taɓa. Wanda ya ƙi zai sha tara, kuma duba-gari na nan tafe. Duba-garin nan kuwa ba a wasa da shi. Mutum ne mai gajeren wandon kaki da dogon ludayi, wanda in ya zura a randarki ya ga tsutsar sauro ko guda, ranar kin shiga uku.

Ga Baba, faɗuwa ce ta zo daidai da zama, don shi dama mutum ne mai son ƙere-ƙere. Ya kafa dangar kara, ya ɗaura ƙyaure, ya aike mu muka tsinto gwangwanayen madara da na tumatir a juji. Ya zuba musu tsakuwa, ya jera su a igiyar rama, ya ja igiyar daga ƙyauren har reshen darbejiyar tsakar gida. Da ya gwada, ƙarar ta yi kamar an ture mai tallan kwanuka. Ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallonmu, yana jiran yabo.

Ranar farko da gwangwanayen suka yi kuka da kansu, kowa ya fita a guje. Maƙwabcinmu Alhaji, wanda katanga ɗaya ta raba mu, ya faɗo gidan da igiyar guga a hannu, rabin kansa a aske, wanzami na biye da shi da aska. Aka isa aka tarar da akuyar Kaka, wadda babu turken da ya taɓa riƙe ta, tana sosa bayanta da ƙyaure, har da lumshe ido. Auta kuwa na goye a bayan Inna tana barci. Washegari akuya ta koma, don ta sami wurin susa. In ba ita ba, to iska ce, in ba iska ba, agwagi ne. Kafin wata ya ƙare gwangwanayen Baba sun zama kamar carar zakara, ana ji ana ci gaba da hira.

Kaka ce ta gaji. Wata safiya ta kwance 'yar ƙararrawar tagulla daga wuyan ragonta, ta zura mata igiyar fata, ta kama ƙafar auta ta ɗaura. Baba ya ce ai an riga an cika doka, meye kuma na mayar da yarinya tunkiya.

Kaka ta ce, "Kai wannan, ƙyauren ne zai tafi ruwa ko yarinyar?"

Baba ya sosa ƙeya ya ɗauki fartanyarsa. Daga ranar duk inda auta ta sa ƙafa sai ka ji ƙilin-ƙilin. Ba ta iya satar ƙuli-ƙuli, ba ta iya ɓuya bayan rumbu. Ran Lahadi a coci tana zagaya kujeru tana raka wa'azi, har fasto ya ce ya yafe mata, tunda ita kaɗai ce ya tabbata ba ta gyangyaɗi.

Da duba-gari ya zo, ya ja igiya ya ji ƙara, ya jinjina wa Baba, Baba ya kumbura kamar fanke. Sai auta ta gifta da kiɗanta. Ya tambayi dalili aka gaya masa, ya ce shi dai a dokar da aka ba shi babu ƙafa, ƙyaure aka ce. Kaka ta ce to madalla, ɗan nan, doka ta tsare ƙyaure, ita kuma a bar ta ta tsare jikarta. Ya zura ludayinsa a randa ya tafi.

Ranar da abin ya faru, cikin marka ne, an wuni ana yayyafi sai bayan azahar ya ɗauke. Baba na gonar auduga, Kaka na kishingiɗe a ɗaki. Inna na daka dawa, ni ina tankaɗe a gefenta, auta na ta kai da kawo a bayanmu. Gwangwanaye suka yi ƙara. Babu wanda ya ɗaga kai. Inna ta ce akuyar nan sai ta ga bayanta, Alhaji ma ya ɗaga murya ta kan katanga ya ce a gaishe masa da mai susa. Muka yi dariya, daka ya ci gaba.

Can sai na ga taɓarya ta tsaya a sama ba ta sauko ba.

Inna ta ce, "Kin ji?"

Na kasa kunne na ce, "Ban ji komai ba, Inna."

Ta ce, "Shi ne."

Ta yar da taɓarya ta zura da gudu, na bi ta. Ƙyauren na buɗe kaɗan daga ƙasa, daidai wucewar ƙaramin mutum. Auta ta zame daga gaɓa, laka ta riƙe ƙafafunta, ruwa ya kai mata haɓa, kuma ko kuka ba ta yi, hannu take miƙa wa 'ya'yan agwagi. Inna ba ta iya iyo ba, ko rafi ba ta tsallakawa sai an riƙe ta, amma haka ta faɗa da zanenta ta fizgo ta. Sai da aka raba ta da agwagin ne ta fasa ihu. Ƙararrawar ta cushe da laka, ko an girgiza ba ta motsi. Na ji tsoro ranar irin wanda ban sake ji ba.

Baba ya dawo aka ba shi labari. Daren nan bai taɓa tuwonsa ba. Ana gama girbi ya ɗauko amalanke da shanunsa, ya yi ta jido ƙasa har ya cike ramin da yake taƙama da shi, ya shuka kuɓewa a wurin. Gwangwanayen kuwa bai kwance ba, ya ce ba a yi shelar janye doka ba. Da duba-gari ya dawo wata shekara, ya ja igiya, ya leƙa ya ga kuɓewa, ya ce komai ya yi daidai.

Inna ce abin bai taɓa saki ba. Mun girma mun watse, autar ta yi aure a Malumfashi ta tara nata 'ya'yan, amma in gida ya yi tsit sai Inna ta aje abin da ke hannunta ta ce ina yarinyar nan. Muna tsokanarta, tana cewa mu bar ta. Da tsufa ya kama ta idonta ya tafi, auta ta dawo jinya, ta sayo warwaro ta cika hannunta da su, ita da ba ta damu da ado ba. Rannan da rana ina zaune a ɗakin, Inna ta farka a firgice tana lalube, tana tambayar me ya sa ba ta jin komai. Auta, da furfurarta, ta matso ta girgiza hannu kusa da kunnenta.

Inna ta ce, "Yauwa, tana nan." Ta gyara kwanciya ta koma barci.