Ƙeyar Khamiso

Shekara talatin da ɗaya Khamiso Solangi ya yi yana haƙa a tudun kufai na bayan ƙauyensu a lardin Sindh. Da ɗaukar kwandon ƙasa ya fara, har ya kai shi ake kira in an ci karo da bulo, don hannunsa ya san inda bango ya tsaya. Masana kayan tarihi su zo da sanyi, su tafi da zafi, su rubuta a mujallunsu. Shi kuwa ko alif bai sani ba.

Amma fa yana cikin mujallun nan, ba sau ɗaya ba. Al'adar aikin ce, in za a ɗauki hoton bango sai a tsayar da lebura a gefe don mai karatu ya gane girman abin, a kuma ce ya juya baya kada fuskarsa ta ɗauke hankali. Khamiso dogo ne miƙaƙƙe, shi ake zaɓa kullum. Wata rana ya sa aka karanta masa abin da ke ƙarƙashin hotonsa. Wai "wani lebura". Shi ke nan! Abin ya ci masa rai, so yake ko sau ɗaya a rubuta sunansa, amma wa zai faɗa wa? Sai matarsa Nuran, ita kuwa tsiya take masa.

"Ƙeyarka ta je Turai, kai ko Karachi ba ka taɓa gani ba."

Ya tsufa, baya ya ranƙwafa, ambaliya ta cinye bangon da ya fi alfahari da shi. Ana nan wata ɗaliba, Zulekha, ta yi sallama da tsohuwar mujalla a hannu. Ta zazzage ɗakunan karatu uku tana neman tsayin bangon nan, ashe masanin da ya tono shi bai rubuta ba. Hoto ɗaya ya rage, da wani mutum tsaye, kansa daidai da saman bangon.

"Baba, an ce kai ne wannan. In na auna ka, na sami tsayin bangon."

Nuran ta ƙyalƙyale da dariya. "Wannan da ya lanƙwashe kamar baka za ki auna? Zo, 'yata." Ta nuna mata katakon saman ƙofa. "Ranar da aka kawo ni gidan nan, gashinsa na gogar nan in zai shiga. Auna wannan."

Khamiso ya ce bai yarda ba. Ya dafa ƙofar, ya cije, ya miƙe har ƙashin bayansa ya yi ƙara. Saura yatsa huɗu ya taɓa katakon. Zulekha ta auna duka biyun ta rubuta.

"Dole in faɗi inda na samo ma'aunin, Baba. Cikakken sunanka?"

Ya faɗa a hankali, har da na mahaifinsa, ya sa ta maimaita masa sau biyu. Daɗi ya cika shi.

Ta ɗaga wayarta za ta ɗauke shi a bakin ƙofar. Kafin ta yi magana tsoho ya riga ya juya mata baya, ya saki hannuwa a gefe, ya ƙame.

Dariyar Nuran ta ɗauke. Ta matso ta kama kafaɗarsa.

"Juyo, Khamiso. Fuskar take so."