Tanimu Maidawa, Mahaucin da Ya Ajiye Wuƙa

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Tanimu a garin Tsibiri a shekarar 1902, mahaifinsa Maidawa mahauci ne ɗan mahauci, mahaifiyarsa kuwa Ramatu mai sayar da fura ce a bakin kasuwa. Ya yi karatun allo wajen Malam Idirisa, sai dai bai yi nisa ba, domin a gidansu wuƙa ake fara miƙa wa yaro kafin alƙalami. Tun bai balaga ba ya ƙware a fiɗa, kuma ya gaji ƙa'idar da kakanninsa suka riƙe tamkar farilla, wato ba a kayar da saniya sai an shafa cikinta, idan tana da ciki a mayar da ita garke.

Aikinsa da aurensa

A shekarar 1924 ya koma Maraɗi tare da ƙanensa Maliki, inda aka ɗauke su su riƙa yanka nama wa barikin kumandan, wato Baturen mulki. Bayan shekara biyu ya auri Maijidda, mace mai haƙuri amma mai kaifin harshe idan an kai ta bango, kuma a 1928 Allah ya azurta su da ɗa namiji, aka yanka rago aka raɗa masa suna Hamidu. Waɗannan su ne shekarunsa na jin daɗi, kuma ba su daɗe ba.

Barin fawa

A shekarar 1931, da fara ta cinye amfanin gona, makiyaya suka riƙa kawo shanu da arha, aka kawo bariki wata saniya ramammiya. Tanimu ya shafa ta, ya shaida wa gardi, wato dogarin bariki da ke tsaye, cewa cikinta ya tsufa, gardi ya ce shi dai nama aka aiko shi ya karɓa. Tanimu ya ji tsoron bulala ya yanka, da ya farke cikin ya tarar da maraƙi yana motsi, ya tsaya a kansa har ya daina. Daga wannan rana bai ƙara riƙe wuƙar yanka ba, bai ƙara cin nama ba, daga baya ma ya bar nono, yana cewa rabon maraƙi ne. Furarsa da ruwan tsamiya ake dama masa ita, shi da ya tashi a gindin ƙwaryar nono.

Al'amarin ya haddasa muhawara mai tsawo a gari. Wasu malamai suka ce ya haramta abin da Allah ya halatta, shi kuwa ya amsa cewa bai haramta wa kowa komai ba, maƙogwaronsa ne ya ƙi. Wasu suka yi masa uzuri, suka ce tausayin dabba ba zunubi ba ne. Masu bin al'adar gargajiya daga ƙauyukan gulbi suka ce iska ce ta shige shi, suka yi tayin raba shi da ita, da sharaɗin ya kawo jar akuya a yanka. 'Yan uwansa mahauta ba su tsaya dogon bayani ba, suka ce ya zautu.

Haihuwar Zuliha

A shekarar 1934 Maijidda ta haifi 'ya mace, kuma a nan ne ra'ayin Tanimu ya daina zama nasa shi kaɗai. Ranar suna ya ƙi sayen rago, ya raba gero sadaka a madadinsa, ya kuma hana Maliki ya yanka a maimakonsa. Liman ya raɗa mata suna Zuliha, ya tabbatar cewa sunan ya inganta ko babu yanka, amma fatawar liman ba ta shiga zauren mata ba, ba ta kuma kai dandalin yara ba. Yarinyar ta tashi ana kiranta Marar-rago, kuma a wannan ƙasa kowa ya san irin ɗan da ba a yi wa yanka. Ita da aka haifa da aure, da uba a raye, ta girma tana ɗauke da zargin da ba ta san mafarinsa ba, kuma wannan zalunci ne, ko wane ne ya jawo shi.

An ruwaito cewa Maijidda ta taɓa ce masa, "Malam, ka ji tausan ɗan saniya, ɗiyakka hwa, wa za ya ji nata?" Yana ƙaunar Zuliha fiye da kowa, amma yana ganin in ya yarda a zubar da jini sau ɗaya saboda bakin mutane, duk abin da ya tsaya a kai ya rushe.

Komawa Jiratawa

Bayan ambaliyar 1945 da ta ci tsohon garin Maraɗi, mutane suka hau tudu, shi kuwa ya kwashi iyalinsa ya koma Jiratawa yana noman fadama. Sunan Marar-rago ya riga su isa. A shekarar 1950 wani saurayi mai suna Maman Lawali, wanda Zuliha ke so, ya nemi aurenta, amma da danginsa suka yi bincike suka janye, suka ce sai an wanke ta da yanka. Zuliha ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, rago guda nika roƙo, ba ni ƙara roƙon komi." Ya yi kuka a gabanta, ya ce ba zai iya ba.

A cikin makon nan ta koma gidan Maliki a Maraɗi, shi ya yanka mata ragon suna tana da shekara goma sha shida, shi ya yi mata walicci. Maijidda ta bi 'yarta, Hamidu kuma ya koma sana'ar kakanninsa a hannun baffansa. Tanimu ya zauna shi kaɗai a bukkar gona, babu wanda ya bi ra'ayinsa, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya daina yi wa kowa bayaninsa.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a Jiratawa cikin damanar 1957, bayan doguwar jinya, aka yi masa sutura aka binne shi a maƙabartar garin, manoman fadama ne suka ɗauki makararsa. Iyalinsa sun iso bayan an rufe shi. Ranar sadakar arba'in suka yanka bijimi domin neman masa gafara, aka ci aka yi masa addu'a.

Ya rasu ya bar 'ya'ya biyu: Hamidu, mahauci a kasuwar Maraɗi, da Zuliha, matar Maman Lawali, wadda har ƙarshen rayuwarta ake kira Zuliha Maliki.