Kada a Zaunar da Shi

Ban yi boko mai nisa ba. Daga aji biyu na sakandare na bi mota, na yi kwandasta, na yi direba, har ranar da tirela ta ture ni a hanyar Vom. Bayin Allah ne suka fizgo ni daga cikin motar, suka zaunar da ni, suka kwarara mini ruwa a ka, suka naɗe ni a bayan tasi kamar buhun dankali. Tun daga nan ƙafar hagu ta daina jin maganata. Yanzu kamasho nake yi a tasha a Laranto, ina yi wa yaran da na koya wa tuƙi kiran fasinja.

A tashar ne wata likita ta riƙa zuwa mana. Aka ce bincike take yi a kan waɗanda suka yi haɗari, har ƙasashen waje ake kiranta ta yi bayani. Tambayarta ɗaya ce, kullum tana juya ta: wa yake fara taɓa mutum idan mota ta buge shi?

Na ce, "Likita, kin taɓa ganin motar asibiti ta riga ɗan kamasho zuwa wurin haɗari?"

Ta ce, "Ai shi ya kawo ni wurinku, Malam. Kai yaya aka ɗauke ka?"

Na gaya mata. Ta tsaya tana kallon ƙafar, kallon nan ya fi ba ni haushi. Na san irinsu, su zo su kwashi labarin wahalarka, su je su yi suna da shi, kai kana nan da sandarka.

Amma ita ta dawo. Bayan damina ta tara direbobi a rumfa, ta ce da yawa ba bugun motar ne yake nakasa su ba, ɗaukar ce. Kada a zaunar da mutum, kada a ba shi ruwa. A riƙe kansa, a danne inda jini ke zuba, a sa shi a kan abu miƙaƙƙe. Wani Ibo mai sayar da kayan gyara aka kwantar a benci don gwaji. Direbobi na ta tsokanarsa, "Oga, ka suma da kyau mana!" Shi kuma yana cewa, "Ku yar da ni, wallahi babu bashi kuma a shagona." Ni ina gefe ina cin goro, wai ba na ji.

Ƙanena tela ne a Kabong, 'ya'yansa duk ƙanana. Wata ranar Talata ya zo gaishe ni, yana fita ƙofar tasha mota ta ɗauke keken da ya hau. Na iske shi kwance a kwalta, ido buɗe, yana cewa, "Yaya, wuyana."

Kawunmu, wanda ke da tebur a bakin tashar, ya riga ni isa da ledar ruwa a hannu. "Ku ɗaga shi ya zauna! Ku ba shi iska!" A wurinmu wanda ya ga mai rauni bai ba shi ruwa ba, ba shi da imani. Haka muka tashi muka gani.

Na yar da sanda, na zube, na riƙe kansa da hannu biyu. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, amma duk wanda ya motsa shi, ni da shi."

"Kai ɗan nan, ka haukace? Ɗan 'yar'uwata ya mutu da ƙishirwa kana kallo?"

"Ya sha a asibiti."

Kafin ya sake magana Ibon nan ya taho da benci a ka yana ihu, "Hanya, hanya!" Direbobi suka durƙusa, suka juya shi gaba ɗaya kamar yadda aka koya musu, suka ɗaure shi da rawanin wani dattijo. A bayan wata motar akori-kura muka sa shi. Ban saki kan nan ba har aka karɓe shi daga hannuna, yatsuna sun ƙage.

Hoto ya nuna ƙashin wuya ya tsage. Wanda ya duba shi ya ce da an lanƙwasa shi, da sai dai a riƙa juya shi a gado. Ya yi watanni da abin ɗaure wuya na asibiti, yana juyowa da jiki duka kamar sabon ango cikin babbar riga.

Likitar ba ta san wannan ba, ban kuma neme ta na gaya mata ba. Na ji ana koyar da abin a wasu tashoshin ma. To madalla. Ni dai ya zo mini a makare, kuma ba zan ce ba ya cina ba. Kawu har yau idan aka tayar da zancen sai ya ce Allah ne ya yi, amma hana ruwa rashin tarbiyya ne. Ba na musu da shi.

Makon jiya na je Kabong, na hango ƙanen nawa yana hawo tudu da autarsa a wuya, ta riƙe masa kunnuwa. Na ƙwala masa kira ya sauke ta. Ya ɗaga mini hannu, ya ci gaba da tafiyarsa.